Fumfunar da Kawu Ya Gani

Akwai wani mai ɗaukar hoto da yake da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai buga takardu da mai gyaran agogo. Kowa Ɗan Fasfo yake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Shekara goma sha ɗaya aikinsa ɗaya ne: farin ƙyalle a bango, kujera a gabansa, sai "ɗaga haɓa kaɗan, kada ka yi murmushi."

Sana'ar ta rufa masa asiri, har zuwa lokacin da ofisoshi suka fara ɗaukar hoton mutane da kansu. Daga nan wanda ya fi kowa zama a kujerar nan shi ne mai shagon.

Ana cikin haka sai ƙungiyar masu tseren motoci ta liƙa sanarwa. Suna neman mai hoto guda ɗaya da zai yi musu aiki shekara cur. Duk mai so ya zo ranar tseren farko ya ɗauka, ya kawo hoto goma, su zaɓa. A ƙasan takardar an rubuta: "Muna son hoton da ake ganin gudu a cikinsa."

Ya kai wa matarsa labari. Malamar makaranta ce, tana kan duba littattafan ɗalibai, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai da ka saba da mutanen da ake ce wa kada su motsa?"

"Ko dai in koyi masu motsi, ko in rufe shago," in ji shi.

Sai ta ajiye biro. Ta san ba wasa yake yi ba.

Matsalar ita ce kayan aiki. Kyamarar fasfo ba ta kama mota a guje. Ana buƙatar kyamara mai saurin kama abu, da kuma dogon gilashi, wato wanda ake ɗaurawa a bakin kyamara ya zuƙo abin da ke nesa. Ɗan abin da ya tara kuwa ba zai sayi biyun sababbi ba. Ko dai ya sayi sabuwar kyamara da ɗan gajeren gilashin da take zuwa da shi, ko ya sayi duka biyun na hannu.

A shagon wani mai gyaran kyamara ya ga abin da ya yi daidai da aljihunsa: tsohuwar kyamara da ta sha aiki amma lafiya lau, da dogon gilashi mai milimita ɗari uku. Bakin gilashin ya ɗan tsage, an naɗe wurin da jan salatif. Ya ɗaga shi ya hango wani mai babur a can ƙarshen titi, sai ga shi har maɓallin rigarsa.

Ransa ya biya. Amma bai taɓa sayen ko batir ba sai ya tambayi Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyarsa ne, tsohon mai hoton biki, kuma shi ya koya masa sana'ar tun daga riƙon kyamara. Idan Kawu ya ce abu ja ne, Ɗan Fasfo ba ya sake dubawa.

Washegari suka je shagon mai gyaran tare. Kawu ya ciro 'yar tocila daga aljihu, ya haska cikin gilashin, ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai.

"Ya yi fumfuna a ciki. Wata uku ka ba shi, duk hoton da ka ɗauka zai fito kamar an shafa masa man shafawa."

Mai gyara ya ce, "Ni dai makon jiya na buɗe shi na wanke."

"Shi sayarwa yake yi," in ji Kawu, yana kallon Ɗan Fasfo. "Ni kuwa ɗan yayata nake dubawa. Sayi sabuwa mai garanti. Kyamarorin yanzu ko ƙuda ka ɗauka daga nesa, ka zuƙo shi a kwamfuta ka ga gashin ƙafarsa."

Ɗan Fasfo ya karɓi tocilar ya leƙa. Bai ga komai ba. Ya ɗauka idonsa ne bai ƙware ba.

A hanya ya ce, "Kawu, kai ba za ka shiga gasar ba?"

"Ni? Da wannan gwiwar tawa? Ku masu jini a jika ku je ku sha ƙarar injin."

Ya sayi sabuwar. Kwalinta kaɗai abin kallo ne.

Ranar farko ya tsaya a bakin babban titi ya gwada. Motocin da ke ɗaya hannun suka fito kamar akwatin ashana. Ya zuƙo su a kwamfuta yadda Kawu ya ce, sai suka dagargaje. Matarsa ta leƙo ta bayansa.

"Wannan mota ce, ko datti ne a allon?"

Ya koma wurin mai gyara, ko don ya sake kallon gilashin nan. Babu shi.

"An saya tun washegarin zuwanku," in ji mai gyara, yana ta goge wani abu da bai yi datti ba. "Wani ne da ya san kaya."

Ɗan Fasfo bai tambayi ko wane ne ba. Me zai kawo masa zargi?

Da ya je ofishin ƙungiyar rubuta sunansa, sai ya tsaya gaban wani tsohon hoto a bango. Motar ta fito tar, amma tayoyinta sun zama kamar fanka tana juyawa, bayanta kuma duk ya ja layi-layi. Ya daɗe a tsaye. A nan ya gane abin da takardar take nufi.

Kyamara ƙyafta ido take yi. Idan ta ƙyafta da saurin gaske, komai sai ya sandare, har taya. Idan aka rage saurin, aka bi motar da kyamara kamar yadda ake bin tsuntsu da ido, motar ce kaɗai za ta fito sarai, sauran duniya ta wuce a guje.

Faɗinsa da sauƙi. Mako uku ya yi yana tsayawa a shatale-talen unguwarsu, inda motoci ke matsowa kusa, yana juya ƙugu yana bin tasi da babura. Cikin hoto ɗari, tara ko goma ne kawai ke kalluwa. Wani mai shayi har ya tambaye shi ko hukuma ce ta turo shi.

Ranar tsere ta zo. Filin ya cika, iska duk ƙaurin taya da mai. Masu hoto sun yi layi a bayan shingen miƙaƙƙiyar hanya, inda motoci suka fi gudu. Kowa da dogon gilashinsa kamar bututu. Ɗan Fasfo ya ɗaga nasa ɗan guntu, sai ya ji kamar ya zo ɗiban ruwan rijiya da cokali.

A tsakiyar layin ya hango wani da riga mai aljihuna da yawa, ya kafa kyamara a kan ƙafarta. Abin da ya fara gani shi ne jan salatif.

Sai kuma ya ga gwiwar nan da aka ce tana ciwo. Tana tsaye ƙalau.

Ya matsa. 

"Ina kwana, Kawu."

"A'a, ɗana. Ka iso?" Kawu bai ɗauke ido daga kyamara ba.

"Gilashin nan kamar na san shi."

"Eh to. Na ga kada ya faɗa hannun wanda bai san yadda ake lallaɓa shi ba."

"Fumfunar fa?"

"Na ce ya yi fumfuna. Ban ce ba ya aiki ba." Ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya. "Kai yaro ne, kana da sauran lokaci. Bikin ma yanzu kowa da wayarsa. Ka ɗauka ni ba ni da iyali?"

Maganganu da yawa suka taso wa Ɗan Fasfo, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi. Ga mutane a gefe sun fara kasa kunne. Ya tuna hannun Kawun nan ne ya taɓa riƙe nasa ya nuna masa inda ake danna maɓalli. Ya haɗiye su duka. Da Kawu ya ce masa "ni ma ina so," da sun yi takara kowa da rabonsa. Tocilar nan ce ta tsaya masa a rai, da yadda ya leƙa bai ga komai ba ya zargi idonsa.

Ya juya ya bi gefen shinge, bai ma san inda za shi ba. A can ƙarshen fili, wani dattijo mai ɗaga tuta ya tare shi.

"Masu hoto ai can suke."

"Nawa gilashin ba ya kaiwa, Baba."

Dattijon ya kalli kyamarar, ya nuna wata matsattsiyar kwana a bayansa. "To ka tsaya inda su za su kawo kansu. A nan dole kowa ya taka birki, ko ubansa ne ya ƙera motar. Amma kada ƙafarka ta wuce tayoyin nan da aka jera."

Kwanar ba ta da maraba da shatale-talen unguwarsu, sai dai waɗannan tasin sun fi fushi. Ya kafa ƙafafu, ya rage saurin ƙyaftawa, ya fara bi.

Da aka tafi hutun rana, ya dawo wajen famfo shan ruwa. Kawu na zaune a inuwa yana nuna wa mutane allon kyamararsa. Ɗan Fasfo ya leƙa. Hotunan sun fito fes, har sunan kamfanin taya ana karantawa a jikin tayar. Kawu ya saba da hoton biki, inda babban abin kunya shi ne wani abu ya fito dishi-dishi, don haka ya ƙure saurin kyamara. Kowace mota ta sandare a kan kwalta kamar mai ita ya shiga kanti sayen ruwa.

Ɗan Fasfo ya gane nan take cewa idan ya yi shiru, Kawu ya faɗi. Kuma shirun ba zai zama ƙarya ba. Ya sha ruwa, ya wanke fuska, ya yi taku uku zai wuce. Sai ya dawo, ya durƙusa kusa da shi yadda wasu ba za su ji ba.

"Kawu, rage saurin ƙyaftawa, ka riƙa bin motar. Gudu suke son gani, ba tsafta ba."

Kawu ya kalle shi, ya yi wani murmushi a hankali.

"In rage, hotuna su lalace, ko? Ɗana, wannan dabarar ka makara. Ni za ka yi wa?"

Ɗan Fasfo ya miƙe. Wannan ta fi ta safe ciwo.

Bayan kwana huɗu aka tara su a ofishin ƙungiya. Sakatariyar, wata mata mai tabarau da ba ta ɓata magana, ta baje hotuna a tebur. Ta daɗe a kan na Kawu.

"Aiki mai tsafta," in ji ta. "Da motocin za mu sayar, da kai za mu ɗauka."

Na Ɗan Fasfo ba duka suka yi kyau ba. Biyu sun karkace, ɗaya an yanke wa mota hanci. Amma akwai guda ɗaya: mota ta kwanto cikin kwana, tayoyi sun narke don juyi, shinge ya zama layi, kuma ta cikin hular kwano ana ganin idon direba tar, yana kallon inda zai fita. Shekara goma sha ɗaya na hoton fasfo sun koya wa hannunsa neman ido kafin komai.

Ta ɗaga hoton. "Na wane ne wannan?"

Aka ba shi aikin.

Bayan mako guda Kawu ya zo shago da wani abu naɗe a tawul. Ya zauna a kujerar fasfo, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya warware tawul ɗin.

"Tunda aikin ya zama naka, za ka buƙace shi. Na gida ai ya fi na waje."

Ɗan Fasfo ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗauko tocila a aljihun tebur, ya haska, ya juya dama, ya juya hagu. Ya daɗe yana dubawa.

"Kawu, ni har yau ban ga fumfunar nan ba."

Kawu ya kalli farin ƙyallen da ke bango. "Ido ne. Tsufa."

Ɗan Fasfo ya naɗe gilashin a tawul ɗinsa ya mayar masa. Ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da tasi, ya ce a gaida mutanen gida.

Har yanzu yana zuwa gaishe shi, yana durƙusawa yadda ya saba. Sai dai tun daga ranar bai sake tambayar Kawu ko da ƙarfe nawa ba.

Darasi: Wanda ya ba ka shawarar ƙarya don ya riga ka, ya cuci kansa sau biyu: ya rasa amanarka, kuma ranar da aka gaya masa gaskiya ba zai iya yarda da ita ba, don yana auna kowa da halinsa. Kai kuma mai neman shawara, ka girmama na gaba, amma idan ka leƙa ba ka ga fumfuna ba, kada ka yi saurin zargin idonka. Ku tura labarin nan ga wanda kuka san yana shirin sayen kayan sana'a, da wanda ake yawan zuwa neman shawararsa.