Shafin da Filibus Bai Karanta Ba

Akwai wani manomi da ya tura ɗansa Filibus jami'a. Shi bai taɓa zama a aji ba, amma kowace damina yakan ce, "Wata rana zan riƙe littafin da ɗana ya rubuta."

Da shekarar ƙarshe ta zo, aka ce kowane ɗalibi ya rubuta kundin bincike. Filibus ya yi ta jan ƙafa, yau gobe, yau gobe, har lokaci ya ƙure. Sai ya je wani shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta, ya biya a rubuta masa. Mai shagon ma, kai jama'a, ba rubutawa ya yi ba! Tsohon kundin wani ya ɗauko, ya canja suna a bango. Filibus ya haddace ɗan abin da zai faɗa a gaban malamai, ya tsallake. Sauran shafuffukan ko buɗewa bai yi ba.

Tun daga nan ya rasa sukuni. In malami ya kira sunansa, sai ya zabura. In waya ta yi ƙara, gabansa ya faɗi. Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Ranar sujadar godiya ta gama karatun Filibus, uban ya sa babbar rigarsa, ya rungumi littafin har gaban ikkilisiya. Ya ce, "Fasto, an ce akwai shafin da ɗalibi yakan rubuta wanda ya sadaukar wa aikinsa. Fassara mini, in ji da kunnena."

Fasto ya fara fassarawa da fara'a, bai ankara ba sai da maganar ta fita: "Na sadaukar da wannan aiki ga marigayi mahaifina, wanda bai ga wannan rana ba."

Tsohon ya juya ya ce, "Filibus, yaushe na mutu?"

Filibus ya durƙusa yana kuka. "Baba, ba ni na rubuta ba."

Uban ya ce, "To, wannan ya fi mini ciwo." Ya ajiye littafin a kan benci, ya fita.

Ma'anar wannan misali ita ce, duk aikin da ka ɗora sunanka a kai, kai za ka amsa abin da ke cikinsa, a gaban mutane da gaban Allah. 'Yan'uwana ɗalibai, na san wasunku a nan suna da lambar irin wannan shago a waya, kada ku sunkuyar da kai. Ku goge ta yau. Gara ka kawo wa iyayenka ɗan siririn littafi mai kurakurai, wanda za ka iya tsayawa a karanta shi a gabansu.