Jinin Aro

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a wani gari na bakin iyaka. Hannunsa da sauƙi wajen neman jijiya, har tsofaffi kan sa masa albarka.

Shekarar da annobar tari ta sauka, hukuma ta rufe hanya. Ba mai tsallakewa sai da takarda, takardar kuwa sai wanda jininsa ya nuna garkuwa, alamar ya yi cutar ya warke. Likitoci suna ta gardama ko wannan gwaji ya isa shaida. Mutumin namu ba ruwansa, don shi ya kwanta ya tashi, jininsa cike yake da garkuwa.

Wata rana yayansa, direban babbar mota, ya zo gwaji. Na'ura ta ce babu.

"Haba ƙanina, iyalina su ci ƙasa? Ɗiga naka mana, wa zai sani?"

Ƙanin ya naɗe hannun riga, ya soka wa kansa allura, ya rubuta sunan yayan a jikin kwalba. Wa zai sani? Wanda ya halicci jinin fa?

Yayan bai iya riƙe bakinsa ba. Ya gaya wa uban tasha, wani ƙato da ake kira Guduma, shi kuma ya shiga turo fasinjoji. Har da wanda ya shigo yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Mutumin ya kau da kai, ya ara masa jini. Daga baya labari ya zo cewa motar da mai tarin ya hau ta sauke cuta a ƙauyukan tsallake, ana ta haƙa kaburbura. Mutumin namu ya ji, ya ci abincinsa ya ƙoshi.

To, garkuwa ba gado ba ce, raguwa take yi a jiki. Wanda ya bayar ya karɓi abinsa.

Wata rana da hantsi, mota cike tana jira, mutumin namu ya ɗebi jininsa, na'ura ta ce babu. Ya sake, babu. Guduma ya banko ƙofa da ƙartinsa.

"Ni za ka yi wa wayo? Wa ka koma sayar wa?"

"Wallahi, maigida, ƙarewa ta yi."

"Jini ya ƙare kana tsaye da ƙafarka?"

Mari ɗaya ya zubar masa da haƙora. Suka danne shi a kan teburin aiki, kwalabe na tarwatsewa. Yayan nan nasa, da ya biyo su, shi ne ya riƙe ƙafafun, yana kuka, amma bai saki ba. Guduma ya dinga caka allura yana neman jijiya har ta karye a cikin nama. Ya ɗauki fasasshiyar kwalba ya tsarge damtsen, jini ya wanke bango. Da na'ura ta sake cewa babu, sai ya ciccibe ta ya maka a kan hannun, ƙashi ya dagargaje.

Likita ya duba ya ce wannan sai babban asibitin tsallake. Matarsa ta kai shi bakin shinge a kwance. Jami'i ya ce, "Ina takarda?" Aka gwada jininsa, babu. Ta durƙusa tana roƙo, ba a ɗaga shingen ba. Duk waɗanda ya ara wa jini sun wuce abinsu, shi bai sami mai ara masa ba. Hannun ya ruɓe, aka yanke daga kafaɗa, amma dafin ya riga ya bi jiki. A wannan gefen aka binne shi.

Ya 'yan uwa, shaidar zur ba a gaban alƙali kaɗai ake yin ta ba. Lafiyar da Allah ya mayar maka amana ce. Ka yi ƙarya da ita, me za ka ce ranar da hannunka zai yi magana?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya raba mu da mummunan ƙarshe. Amin.