Kabarin Likita Attahiru da Aka Mayar wa Ƙasa

Shehinmu na Kaura Namoda, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, mai tsoron Allah a ɓoye da sarari, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a kan mai taurin kai.

Shekarar da sanƙarau ya sauka, jihar Zamfara na sabuwa, likitoci uku ne ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a hanyar Shinkafi. Biyu cutar ta ɗauke cikin mako guda. Na ukun, Attahiru, ya ci gaba da aiki har wuyansa ya sandare shi ma. Allura ɗaya tak ta rage a akwati, sai ya rantse ba za a yi masa ita ba, a yi wa Asta, wata Bafulatana mai shayarwa da aka kawo daga Zurmi. Aka yi mata. Ya daina magana.

Matarsa Barakatu ta ga an juya shi ya fuskanci alƙibla, ta ji 'yan'uwansa sun aika maƙabarta a fara haƙa, wai gawar annoba ba ta jira. Mutum da ransa, jama'a! Tsoro ya kama ta, ta ja mayafi ta nufi zauren Shehi, ta faɗa masa ta bayan labule.

Shehi ya ce, "A mayar da ƙasar kabarin nan. Ba a riga Allah yanke hukunci."

Ya taka da ƙafarsa har asibitin bayan Azahar, ya shiga ɗakin da dangi ke tsayawa daga taga, ya ɗora hannunsa mai albarka a kan wuyan, ya karanta abin da ya karanta, ya fita.

Ana kiran La'asar Barakatu ta ga kan mijinta ya juyo da kansa. Bai nemi ruwa ba, bai tambayi 'ya'yansa ba. Ya ce, "Asta ta tashi?"

Ta ce masa tana can zaune tana ba jaririnta nono. Ya ce to a miƙo masa rigar aiki.

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinSa salihai. Allah Ya jiƙan likitocin nan biyu, Ya ba su ladan shahada, mu kuma Ya yayyafa mana albarkar Shehi. Amin.