Hayaƙin Da Ba A San Mai Shi Ba

Yaya Barmo, tun da aka binne ka nake juya wannan labari a raina. Kai zan fara ba wa.

A zamanin da, an yi wani sarki da mahara suka addabi ƙasarsa. Sai ya zuba masu tsaro a ƙauyukan bakin daji. Wanda ya hangi mahara ya tada hayaƙi, na gaba ya amsa, har birni. Wanda ya fara kuwa, a ba shi riga, sanƙira mai shela ya kira sunansa ranar kasuwa.

Duk wanda aka kira sunansa ba ya ganin kasuwa ta gaba. A kan tsinci gawarsa a bakin rafi, sanye da rigar. Tsoro ya kama mutane, har mata suka daina hura wuta da rana.

Waziri Jatau yana da ƙane, Mati, mai tsaro a ƙauyen da ya fi kusa da daji. In an buɗe ƙofar fada sai Waziri ya zaci mugun labarin ƙanensa aka kawo.

Wata rana Waziri ya durƙusa gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rigarka likkafani ce."

Sarki ya ce, "Waziri, na gode wa bawana, ka ce na kashe shi?"

"Zaki, mahara ma suna cin kasuwa. A hana sanƙira. Wanda ya ga wani abu kada ya kunna wuta, ya raɗa wa na ƙauyen gaba, shi ma ya raɗa gaba, kada kowa ya ce daga wa ya ji. In magana ta yi nisa, ƙauyuka su tada hayaƙi tare."

Aka yi haka. Da mahara suka sake fitowa, hayaƙi ya tashi ko'ina, dakaru suka tare su a mashigi. Aka kama wani falke yana bin rumfuna yana tambayar wa ya fara gani. Ashe shi ne kunnensu. Alƙali ya yanke masa hukunci.

Sarki ya ce, "Wa ya cece mu?"

Waziri ya ce, "Wallahi ban sani ba, ranka ya daɗe."

Ranar kasuwa Waziri ya hangi Mati yana cinikin gishiri, da ransa. Suka gaisa, bai tambaye shi komai ba.

Yaya, kai da ka tona mahara, a masallaci aka yabe ka, da sunanka, kowa yana ji. Jiya na ga sawunsu a bayan gonarmu. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.