Wasan Da Mai Gyaran Waya Ya Buga Wa Auta

Akwai wani mai gyaran waya, mutum mai son a sani, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki. Yana da 'ya, Auta, gwana ce a darar ces, irin wadda ake bugawa ta intanet. Shi ko tafiyar dokin wasan bai iya ba, amma duk wanda ya kawo gyara sai ya sha labarin cewa shi ya koya mata.

Sai aka buɗe gasa, wanda ya ci za a ɗauki nauyin karatunsa. Auta ta ƙwallafa rai. Tana ta cinyewa har aka ci ta wasa ɗaya.

"Ashe kanki fanko ne," in ji uban, a gaban masu jiran gyara. "Da wane ido zan kalli mutane?"

Ranar wasan ƙarshe ya fizge wayar daga hannunta.

"Baba, don Allah bar ni in buga. Zan iya."

"Wuce ki share shago."

Ya zauna bayan kanta, ya buɗe wata manhaja mai buga ces a wata wayar da aka kawo masa gyara. Abin da abokin wasa ya buga sai ya kwafa mata, abin da manhajar ta ce sai ya buga a wayar Auta. Ya cinye tas, ya fita yana karɓar barka. Auta tana shara tana hawaye.

Abin da gogan bai sani ba, kowane taku sai ya yi jinkiri iri ɗaya, don sai ya tambayi manhaja. Har inda sarki ba shi da wurin gudu sai ɗaya, inda ɗan koyo ma ba ya tsayawa tunani, shi sai da ya tsaya.

Alƙaliyar gasa ta kira su ta bidiyo.

"Wannan wasan na'ura ce ta buga shi. Wa ya riƙe wayar?"

Wallahi a nan ne mutumin ya fita raina. Ya juya ya daka wa Auta tsawa: "Ashe maguɗi kike yi? A gidana?"

Auta ta kalle shi. Sannan ta ce a hankali, "Ni ce."

Aka rufe akawun ɗinta, aka rubuta sunanta cikin masu maguɗi inda kowa zai gani. Karatun ya tafi hannun wani. Abokan wasanta suka daina amsa mata sallama.

Da ƙura ta lafa ya kawo mata sabuwar waya, yana wani murmushi.

"Ungo. Ki buɗe wani akawun da wani suna, wa zai sani?"

Ba ta miƙa hannu ba.

"Sunan da ka raɗa mini kai ka ɓata shi, Baba. Wanne kuma za ka ba ni?"

Darasi: Maguɗi ba ya ɓuya, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi yake kwana a ciki. Iyaye, kada son yabo ya sa ku kashe abin da 'ya'yanku suka gina da guminsu. Ku tura wa wasu su ma su karanta.