Sama Ƙanƙara, Ƙasa Ɗumi

Akwai wani mai gyaran firji da duk layinsu ba a san shi da wani suna ba sai Gas-ne. Ba sayar da gas yake yi ba. Dalilin sunan shi ne, duk wanda ya kawo masa firji, tun kafin ya gama faɗin abin da ke damunsa, sai ya ce, “Gas ne.” In firji yana zubar da ruwa, gas ne. In yana rugugi kamar zai tashi sama, gas ne. Mai walda da ke maƙwabtaka da shagonsa yakan tsokane shi ya ce ko akuya aka kawo masa tana tari, gas zai ɗura mata.

Abin takaicin shi ne ya san aikin sarai. A shekarunsa na farko, in an kawo firji yakan zaunar da mai shi a benci ya ji labari tun daga tushe: yaushe abin ya fara, wane irin ƙara yake yi, sama ne babu sanyi ko ƙasa. Daga nan ya kara kunne a bayan firjin ya saurari kwamfireso, wato injinsa, ya shafa robar ƙofa ya ji ko sanyi na tsiyaya, ya duba ko ƙura ta toshe ragar baya. Amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Bayansa ya fara ciwo saboda yawan sunkuyo, shagon ya cika da matattun firji har ba wurin sa ƙafa, shi kuma ya gano cewa ɗura gas ya fi bincike sauƙi. Wani firjin ya ɗan yi sanyi na kwana biyu, wani ko gezau. In an dawo masa da ƙorafi ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Masu kawo aiki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, bai damu ba. Ya gaji, kuma gajiyar ta zame masa amsar kowace tambaya.

A gida kuwa ba a ce masa Gas-ne. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, Auta take ce masa, don shi ne ƙarshen ’ya’yanta. Tun da mahaifinsu ya rasu yayarsa ta so ɗaukarta, amma Inna ta ce ita wurin Auta za ta zauna, kuma wannan zaɓin shi ne abin da ya fi alfahari da shi a duniya. Inna tana da ciwon suga mai tsanani. Allura ake yi mata kullum, matarsa ce ke yi, kuma ’yan kwalaben maganin suna jere a ɓangaren ƙasa na firjin da ke lungun kicin. Ran Inna, bayan ikon Allah, yana rataye ne a kan waɗannan kwalabe.

Wata rana da yamma ya dawo a gajiye, ya zube a kujera ko takalmi bai cire ba. Matarsa ta kawo masa ruwa, ya kurɓa ya ɓata fuska, ruwan ɗumi ne. Nan ta samu ƙofar magana. Ta ce firjin nan ya kwana biyu yana wani hali, sama ƙanƙara har ta yi yawa, ƙasa kuma kamar kwaba, ga shi wani ɗan ƙara da take ji kamar na fanka ya daina.

Ko wanda ya fara koyon aiki jiya ya san cewa firjin da samansa ke ƙanƙara bai rasa gas ba. Ya san in fanka ta yi shiru, sanyi ne ba ya samun mai tura shi ƙasa. Matarsa ta riga ta miƙa masa cutar a tafin hannu. Amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, domin idonsa a rufe yake kuma bakinsa ya saba da aikinsa.

“Gas ne,” in ji shi. “Gobe zan taho da tukunya.”

Ta tambaye shi yadda za ta yi da maganin Inna kafin goben. Ya ce ta mayar da shi sama, tunda can ne akwai sanyi.

“Baban yara, kamar na ji nas ɗin asibiti ta ce kada a bari ya…”

“Ke dai sanyi ai sanyi ne. Ni ne mai gyaran firji ko nas?”

Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ta ga mutum ne da ya yi shekaru yana wannan sana’a, ita kuma ba ta da tabbacin abin da ta ji. Ta naɗe kwalaben a ƙyalle ta sa su a saman. Da safe ta tarar sun daskare, sai ta dunƙule ɗaya a tafin hannunta har ta narke. Maganin ya koma kamar yadda yake a ido, ta ja ta yi wa Inna allurarta.

Gobe ta zo, tukunyar gas ba ta zo ba. Jibi ma haka. Kullum in ta tuna masa sai ya ce ya sha’afa, ko ya ce bayansa ya hana shi ɗaukar kaya. Inna kuma ta fara shan ruwa kamar ba ta taɓa gani ba, tana yawan zagayawa, tana barci a zaune da rana tsaka. In ya leƙa ɗakinta ya gaishe ta, sai ta ce tsufa ne kawai, ya je ya huta. Shi kuwa dama abin da yake so ya ji ke nan.

Yana shago wata rana da hantsi matarsa ta kira shi a waya. Inna ta yi amai, ta faɗi, ana magana ba ta amsawa. Kafin ya isa asibiti yayarsa ta riga shi. Likita ta ce sugan ya hau fiye da kima, kamar wadda ta yi kwanaki ba a yi mata allura ba. Matarsa ta rantse ba ta taɓa tsallake rana ba. Sai likitar ta tambayi inda ake ajiye maganin. Da ta ji, ta ajiye alƙalami ta dube su, ta ce wannan magani in ya taɓa daskarewa ya lalace, ko da ya narke ya koma garau. Yayarsa ta juyo ta tambayi wa ya ce a sa shi a can. Matarsa ta sunkuyar da kai, ta ƙi tona shi. Shi ma ya sunkuyar, kuma yayarsa ta gane.

Da ya koma gida ɗauko wa Inna kayan sawa, ya tsaya a gaban firjin ya daɗe yana kallonsa. Ya zare shi daga wuta, ya kwashe kayan sama, ya kwance murfin ciki. Ga abin nan a fili. ’Yar kafar da ruwa ke bi ya fita ta toshe da datti, ruwan ya taru ya daskare, ƙanƙarar ta riƙe fukafukan fanka ta kuma rufe hanyar da sanyi ke sauka. Ya zuba ruwan ɗumi ya narkar da ita, ya zura waya ya buɗe kafar. Yana mayar da wuta fanka ta ɗauka. Cikin ɗan lokacin da bai kai na tafasa ruwan shayi ba ya gama aikin. Ya zauna a ƙasan kicin ya dafe kai, baƙin ciki ya cika shi, domin ya san babu wanda zai ɗora wa laifin.

Inna ta farfaɗo, amma ba ta koma kamar da ba. Ƙodarta ta taɓu, ƙafafunta ba sa ɗaukarta sai an riƙe. Ranar da za a sallame ta, yayarsa ta ce gidanta za a wuce da ita, kuma ba shawara take nema ba. Ya durƙusa a gefen gadon ya ce, “Inna, na gyara firjin, yanzu yana sanyi sama da ƙasa. Ki dawo ɗakinki.”

Inna ta ɗora hannunta marar ƙarfi a kansa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

“Ban riƙe ka da komai ba, Auta. Kullum kana cewa ka gaji. Bari in rage maka nauyi.”

Ya tura ta a keken marasa lafiya da kansa har bakin mota, ya taimaka aka kwantar da ita a kujerar baya. Yayarsa ta rufe ƙofar, motar ta tafi, ya tsaya a wurin da keken a hannunsa.

Darasin wannan labari shi ne, duk wanda aka kawo wa matsala, ya saurara har a gama faɗa, ya duba da idonsa kafin ya yanke hukunci. Sanin aiki ba ya amfanar kowa in kasala ta hana mai shi amfani da shi, kuma wanda ya saba ba da amsa ba tare da bincike ba a wurin sana’a, da ita zai shiga gidansa. In na kusa da kai ya fara magana a kan abin da ya shafi lafiya, kada ka katse shi don kana ganin kai ne gwani. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.