Karan Ayashe da Kafuwar Kamuguda

A can zamanin da, tun ba a gina ganuwa ko ɗaya a ƙasashen bakin gulbi ba, an yi wani maharbi mai suna Anaruwa. Sauran maharba daji suke shiga, shi kuwa ruwa ne dajinsa. Ayu da dorina yake farauta, da mashi mai igiya. Tsofaffi sun ce yakan nutse da hantsi, ba a sake ganin ƙeyarsa sai rana ta yi tsaka, shi ya sa ake yi masa kirari da "Anaruwa mijin Marka, ɗan ɗakin ayu, kada ya gan ka ya kauce."

Waɗansu sun ce wata ayu da ya yi wa rai ce ta ba shi asirin. Abin da aka tabbatar dai shi ne, ya lura yadda ayu ke leƙo hanci kawai ta shaƙi iska, sai ya yanko kara, ya huda gaɓoɓinsa da ƙarfe mai zafi, ya auna shi kamu guda, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Da wannan karan a baki yake kwanciya ƙarƙashin ruwa yana numfashi.

Da mahara suka ƙone garinsu, Anaruwa ya ja gida goma sha ɗaya, tafiyar kwana uku, zuwa wani tafki da bado ya rufe. Ya san da rani maharan za su biyo sawu, kuma samari da 'yan mata suke nema su kama. Jirage biyu ne kawai gare su, iyakarsu su ɓoye tsofaffi da masu goyo cikin duhun ciyawar tsallake. Saura matasa ashirin da uku. Sai ya ce tun da ba su da ganuwa, ruwan ne zai zama ganuwarsu.

Haka ya shiga koya musu. Ranar farko sun sha rabin tafkin, har wani ƙato mai suna Korau, wanda ke cika baki a tudu, ya fito yana tari yana kiran uwarsa. Anaruwa bai yi dariya ba, don ba shi da ita. Ya toshe musu hanci da kakin zuma, ya ɗaura wa kowa dutse a ƙugu don kada ruwa ya taso da shi, ya zaunar da su cikin bado, bakin kara kaɗai a waje. Doka ɗaya ya kafa: ko me mutum ya ji, kada ya taso sai ya ji an ƙwanƙwasa dutse da dutse sau uku a cikin ruwa.

Cikin ɗaliban nan akwai 'yarsa Ayashe. 'Ya'ya huɗu shi da Marka suka binne kafin ita, shi ya sa aka ba ta wannan suna, ko mutuwa ta raina ta ta wuce. Ta fi kowa iyawa, ta fi kowa bin doka, uban kuwa yana son ta son da yake jin kunyar a gani.

Da rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya ya kuma washe. Wata rana Anaruwa ya tsaya a gaɓa ya duba, sai ya hango kawunan ɗalibansa a ƙasa kamar an kife ƙore. Ya san abin da idonsa ya gani, idon mahari ma zai gani. Bai gaya wa kowa ba, ya je ya yanko kara mai kamu biyu da rabi, ya huda shi da kyau, ya kira Ayashe gindin wata giyayya inda gurbi mai zurfi yake.

Ta juya karan a hannu ta ce, "Baba, nawa ya fi na kowa tsawo."

Ya ce, "Naki ne. In sun zo, ki sauka can ƙasa inda mashi ba ya kaiwa. Kada ki taso sai kin ji dutsena."

Ta ce, "Ba zan taso ba, Baba."

Mutumin da bai taɓa ba wani abin da bai gwada da kansa ba, wannan karon bai gwada ba. Tsoro ne ya auna masa karan, ba hannu ba.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, mahara suka iso. Jirage suka tsallaka, matasa suka nutse, Anaruwa ma ya kwanta cikinsu. Mahara suka ƙone bukkoki, suka bi gaɓa suna caccakar ruwa da masu. An soki Korau a kafaɗa, amma ƙaton nan ya cije karansa bai motsa ba. Sai da rana ta karkata suka tafi hannu wofi.

Anaruwa ya ƙwanƙwasa dutse sau uku. Kawuna suka rinƙa ɓullowa cikin bado, ya ƙirga ashirin da biyu. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya kuma sakewa. Sannan ya nutse gurbin giyayya, ya sami Ayashe zaune a ƙasa yadda ya koya mata, dutse a ƙugu, kara a baki, hannunta na kan ƙullin igiyar amma ba ta kwance ba.

Mutane suka ce mutanen ruwa ne suka karɓi rabonsu, waɗansu suka fara ɗaure kaya za su bar tafkin. Da Anaruwa ya yi shiru, da maganar ta tsaya nan, kuma ya so ya yi shirun. Amma Marka ta ɗauki karan daga gefen gawar, ta gwada shi da hannunta, ta dube shi a gaban kowa.

Ta ce, "Maigida, wa ya yanka wannan?"

Ya karɓi karan, ya ɗaura dutse, ya sauka gurbin. Mutumin da ke wuni a ruwa bai yi numfashi talatin ba ya taso yana haki, jini na bin hancinsa. Da ya dawo hayyacinsa ya gaya musu abin da ya samu: a wannan zurfin ruwa danne ƙirji yake yi, kuma numfashin da mutum ya fitar ba ya kaiwa bakin dogon kara, shi yake dawowa ya sake shaƙa har hankalinsa ya gushe.

Ya ce, "Ruwa bai ci Ayashe ba. Ni na yanka karan, ita kuwa ta bi maganata."

Ba wanda ya tashi daga tafkin. Suka sake gina bukkoki, garin ya girma, aka sa masa suna Kamuguda. Anaruwa ya ƙara shekara talatin yana koyar da nutso, amma bai sake riƙe wuƙa ya yanka kara ba. Marka ce ke yankawa, kuma an ce har ta mutu ba ta ƙara yi masa kirari ba.

Har yau a Kamuguda, ranar da matasa za su fara nutso, da hannun kowane ɗalibi ake auna karansa, kamu guda ba ƙari. Uba ba ya yanka wa ɗansa kara, juya baya ma yake yi in ana yankawa. Ƙullin dutse kuwa zarge ne, ja ɗaya ya kwance, kuma an yarda duk wanda ƙirjinsa ya yi nauyi ya taso ko bai ji kira ba. In an gama, aka ƙirga kawuna suka cika, malamin nutso yakan taka zuwa gindin giyayya ya ƙwanƙwasa dutse sau uku a gurbin Ayashe. Sai kowa ya yi tsit, a ɗan jira.